Kawuna na Bayan Raga

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu. Ya cika a wani asibiti a Lyon, wata Talata da hantsi, a ƙarshen sanyin bana.

Ni aka bar wa kiran Damagaram in faɗa wa mahaifiyata cewa yayanta ya tafi. Ta yi salati. Can sai ta ce, "An dai rufa shi sosai ko? Kin san ba ya son sanyi." Ita yaron da yake manne wa murhu lokacin ɗari take tunawa. Ni kuwa mutumin da na sani ya yi shekaru yana hawa tiram, jirgin ƙasan cikin gari, da son ransa, ya je ya zauna a bakin ƙanƙara yana ihu.

Amininsa, wanda dukanmu muke kira Alhaji na Paris, ya iso a jirgin ƙasan safe. Tare suka taso, tare suka zo Faransa, shi ya yi aikin ofis har ya aje. Ya shigo falo, ya dubi kujerar da Kawu yake zama, ya ce, "To ni yanzu da wa zan yi gardama?" Ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Hajiya, matar Kawu, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Tana zaune da carbi tana amsa gaisuwa, gidan cike da mutanenmu na Villeurbanne da Saint-Fons, garuruwan gefen Lyon, har da waɗanda suka zo daga Paris. Da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga samari ƙarti sun cika matakala, yawancinsu Turawa, kowa da rigar wasa a ƙarƙashin kwat. Suka tuɓe manyan takalmansu ba tare da an ce su tuɓe ba, suka shigo suka durƙusa, ƙafafun sun ƙi lanƙwasuwa. Wata tsohuwa ta raɗa mini, "Waɗannan kuma 'yan sanda ne?" Hajiya ta ji ta. Ta ɗago kai ta ce, "'Ya'yansa ne na ƙanƙara. A zuba musu abinci, suna da ci."

Ina rubuta wannan ne don jikokinsa, waɗanda za su taso su ji an ce kakansu ya yi aiki a izin, wato masana'anta, ya rasu, su ɗauka ke nan. Ba ke nan ba ne.

Na zo Villeurbanne karatu, aka sauke ni gidansa kafin in sami ɗakin ɗalibai. A lokacin yana aiki a wani izin na sinadarai a Saint-Fons. Dogo ne siriri, mai magana a hankali, ba ya fita ba hula ko da dusar ƙanƙara ke zuba, sai dai ya ɗora ta ulu a kan ta gida. Lahadin farko ya ce mini, "Ɗiyata, sa duk abin da kike da shi mai kauri, za mu je kallon taubashinki." Na ɗauka ƙwallon ƙafa ne. Sai ga ni a wani ƙaton zaure da suke kira patinwar, ƙasansa duk ƙanƙara, samari sanye da takalma masu wuƙa a ƙasa suna gudu da sanduna, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da ko ganinsa ba na yi. Wasan hoki ke nan, kuma autan Kawu yana cikin ekip ɗin jami'a, wato ƙungiyar 'yan wasanta.

Hajiya ce ta ba ni labarin yadda abin ya fara. Auta yana ƙarami makaranta ta kai su patinwar, ya dawo ya ce shi wannan wasa yake so. Kawu ya ce sam. Ya ce, "Mu ƙanƙara a kofi muka san ta. Ban kawo ɗana duniya don ya je ya fasa haƙora a kanta ba." Hajiya ta riƙa kai yaron a ɓoye, ko kuma a abin da ta ɗauka ɓoye ne. Wata rana ba ta da lafiya, dole Kawu ya je ɗauko shi. Ya tarar ana wasa, iyaye sun cika benci kowa na kiran sunan ɗansa. Ya ga nasa yana gudu, ya faɗi, ya tashi, ya waiga benci, ya ci gaba. Ba wanda ya kira shi. Washegari sai Kawu ya tambayi Hajiya a ina ake sayar da safa mai kauri.

Bai taɓa sa takalmin ƙanƙara ba har ya koma ga Allah. Amma ya san kowane ɗan wasa, kuma kowa ya raɗa masa sunan Hausa, wai nasu suna yi masa nauyi a baki. Akwai Dogo, akwai Bahago, akwai Zomo wanda ba a kamo shi in ya ɗauki gudu. Akwai Ɗan Kaso, wato ɗan kurkuku, saboda a wasan nan in ka yi laifi alƙali yakan tura ka wani ɗan keji ka zauna na ɗan lokaci, shi kuwa wannan yaro kusan can ya tare. Mai tsaron raga, ko wane ne a shekarar, Maigadi ne. Sunayen suka bi yaran har abokansu Turawa suna kiransu da su. Su kuma suka ce masa Tonton.

Wurin zamansa ɗaya ne, bayan raga, inda ba wanda yake so don ba a ganin wasa da kyau. Yakan zo da fulas na shayi mai citta da ƙananan kofuna, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha.

Magoya bayan ekip ɗin suna da gurup a waya, ɗalibai da tsofaffin 'yan wasa da iyaye, inda ake tafka muhawara bayan kowane wasa: wa ya yi ƙoƙari, wa ya kamata a ajiye a benci, ko mai horas da su ya san aikinsa. Kawu ba ya rubutu, murya yake aikawa. Kuma ba ya shiga magana kai tsaye. Da Faransanci zai fara, amma gaisuwar ta gida ce: ina fatan kun tashi lafiya, ina gajiyar jiya, yaya sanyi, yaya iyayenku, yaya karatu, wanda ya ji ciwo yaya jiki. Sai ya gama duka sannan ya ce, "To, Bahago, me ya hana ka ba Zomo faifan nan, alhali yana gabanka shi kaɗai?" Da farko yaran suna dariya. Daga baya na ga wani ya rubuta, "Ku dakata da zagin, Tonton bai gaishe mu ba tukuna."

Da Alhaji na Paris kuwa, gardamarsu ɗaya ce ba ta ƙarewa. Alhaji mutumin kokowa ne, yana bin ta gida a waya kamar yana bakin fili. Duk ranar Asabar sai sun yi waya, su gaisa a gurguje don su sami lokacin faɗa.

"Malam, kai da ka taso kana jin kalangu, ka ƙare a firiji?" in ji Alhaji.

"Alhaji, kai da ba ka gani ba, da me kake hukunci?"

"Na gani a tele. Mutane sun rufe fuska kamar masu satar zuma, suna bin abin da ba a gani."

Wata shekara Kawu ya ja shi har patinwar. Alhaji ya zo da babbar riga ta shadda, ya ƙi karɓar kwat, wai shi ba yaro ba ne. Kafin a yi nisa haƙoransa suna kaɗawa, ya shanye shayin fulas shi kaɗai. Ana cikin haka Ɗan Kaso ya sarƙe da wani na ɗaya ɓangaren, suka yar da sanduna suka riƙe rigunan juna. Sai ga Alhaji tsaye, hannu sama, yana ihu da Hausa, "Kama ƙugu! Kai yaro, ƙugu za ka kama!" Kawu ya yi dariya har da hawaye. A tiram Alhaji ya ce shi har gobe bai yarda wasa ba ne, amma yaron can in an kai shi gida aka ba shi fura, za a yi abin kirki da shi.

Akwai shekarar da aka sami Maigadi sabo, ɗan wani ƙauye a cikin duwatsu, mai kunya, ba ya haɗa ido da mutane. Wata Lahadi aka yi ta zura masa faifai har mutane suka fara fita tun ba a tashi ba. Gurup ya kama wuta. Wani ya ce a sa kujera a raga ta fi shi amfani. Kawu ya bari suka gaji, sannan ya aika murya. Ya gaisa kamar kullum, ya ce, "Ni a bayansa nake zaune. Duk faifan da ya shiga, sai da ya wuce sauran 'yan wasanmu kafin ya iso gare shi. In za a yi zagi a raba daidai, in ba za a raba ba a bari." Daga nan ya nemi lambar yaron, ya ce masa ana jiransa cin abinci. Yaron ya zo a tsorace. Hajiya ta ajiye masa dambu da zogale, ya ci, yaji ya sa shi hawaye, daga baya muka gane ba yaji kaɗai ba ne. Ashe ya riga ya yanke shawarar barin wasan, har da karatun ma, ya koma ƙauyensu. Kawu bai yi masa wa'azi ba. Ya dai ce, "Lahadi ina bayanka. In na zo ban gan ka ba, shayin nan wa zan ba?" Yaron ya zo. Shi ne har yau yake tsaron ragar, kuma shi ne ya fara shigowa falo ranar gaisuwa.

Ba zan rubuta Kawu kamar marar aibi ba, don shi kansa ba zai yarda ba. Akwai abin da ya shiga tsakaninsa da autansa, ya daɗe bai fita ba.

A shekararsa ta ƙarshe a jami'a, Auta ya bugu da katangar fili, gwiwarsa ta lalace. Aka yi masa aiki, likita ya ce wasa ya ƙare. Ya kwanta a ɗaki ba ya magana da kowa, ya sa aka fitar da kayan wasansa daga gidan. Lahadin da ta biyo baya, Kawu ya dafa shayinsa, ya sa hulunansa biyu, ya tafi patinwar kamar ba abin da ya faru. Haka ta gaba, haka ta gaba da ita. Auta ya warke, ya sami aikin injiniya a Paris, ya kama gida a Sevran. Yana kira, yana zuwa da Salla, amma in aka ambaci hoki sai ya tashi ya fita.

Wata Sallar layya muna cin nama, Kawu ya manta kansa ya ce an sami sabon yaro mai tsaron baya, an ba shi lambar da Auta yake sawa, kuma wallahi ba laifi. Auta ya ajiye cokali. Hausarsa ba ta da ƙarfi, a nan aka haife shi, amma ranar da Hausa ya yi maganar.

"Papa, ni ƙafata ta mutu. Kai ko Lahadi ɗaya ba ka fasa ba."

Hajiya ta ce, "Auta, mahaifinka ne fa."

"Na sani, Maman. Yana da 'ya'ya da yawa a can. In ɗaya ya karye, akwai wani."

Kawu bai ɗago kai ba. Ya wanke hannu, ya ce lokacin salla ya yi, alhali da saura.

Bayan kwanaki na raka shi patinwar. A tiram, yana kallon taga, ya ce mini, "Ɗiyata, kin ji abin da taubashinki ya ce." Na ce na ji. Ya ce, "Lokacin da yake kwance, in na shiga ɗakin sai ya juya bango. Ban san abin da ake ce wa yaro a irin wannan hali ba, mu ba a koya mana ba. A can ne kawai in na zauna nake ganinsa yana gudu. Har yau in Zomo ya ɗauki faifai, shi nake gani." Na ce, "Kawu, ai shi ya kamata ka faɗa wa." Ya girgiza kai ya ce, "Uba ba ya buɗe baki ya ce haka."

Bana kakar wasa ta zo wa ekip ɗin da wuya. Manyan 'yan wasa sun gama karatu sun tafi, yawancin waɗanda suka rage sababbi ne, ana ta cin su. Gurup ya rabu biyu, masu cewa a sallami mai horaswa da masu cewa a yi haƙuri. Kawu yana cikin masu haƙuri, amma muryarsa ta canja, yana tsayawa tsakiyar gaisuwa ya yi tari. Likita ya ce ciwon huhu ne, ya hana shi zama wuri mai sanyi. Ya bi umarni Lahadi ɗaya, ta biyu Hajiya ta shiga wanka ta fito ta tarar ba shi ba fulas. Daga nan sai asibiti.

Wasan ƙarshe shi ne zai nuna ko ekip ɗin zai tsaya a rukuninsa ko zai faɗa na ƙasa. Kawu yana kwance da robar iska a hanci, ba abin da yake tambaya sai shi. Auta ya zo daga Paris ranar Asabar, ya zauna gefen gado, suka yi maganar jiki da ta aiki kawai. Da ya fito na bi shi baranda. Taubashina ne, tsakaninmu ba a ɓoye magana, ko da wasa ko da gaske. Na faɗa masa abin da mahaifinsa ya ce a tiram, kalma da kalma. Ya daɗe yana kallon motoci a ƙasa, sannan ya ce zai je ya sha iska.

Lahadi da la'asar ni da Hajiya muna wurin Kawu, wayata ta yi ƙara. Auta ne. Bayansa ana ta hayaniya, ga ƙarar sanduna a kan ƙanƙara.

"Ki sa wayar kusa da kunnen Papa," in ji shi.

Kawu ya buɗe ido. "Kana ina?"

"Bayan raga, Papa. Wurinka."

Hoto ya ƙi tafiya, sai murya. Auta ya shiga ba da labarin wasan da Hausarsa mai ɗingishi, yana cike giɓi da Faransanci. Ashe duk shekarun nan yana cikin gurup ɗin, bai fita ba, bai kuma taɓa cewa uffan ba. Ya san kowa da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. "Zomo ya tafi, Papa, ya tafi, ya wuce mutum, ya… kash, ya bugi ƙarfe!" Kawu ya ɗaga hannu ya sake shi a kan bargo. "An sa Ɗan Kaso a kaso." Kawu ya ce, "Gidansu ne." Hajiya da ba ta taɓa damuwa da wasan ba ta matso da kujera. Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo don ta ce mu rage murya, ta ga fuskar Kawu, ta ja ƙofa ta tafi.

An ci mu a ƙarshe, da ƙyar. Auta ya ce, "Papa, mun faɗi." Kawu ya ce, "Na ji. Ba komai, za su tashi. Je ka gai da Maigadi, ka ce masa na ji irin tsaron da ya yi. Sannan ka zo."

Ya iso kafin magariba, hancinsa ja, sanyin wurin bai sake shi ba. Ya zauna bakin gado. Kawu ya miƙa hannu a hankali, ya lalubo gwiwar nan ya ɗora tafinsa a kai.

"Tana yi maka ciwo har yanzu?"

"In an yi sanyi, Papa."

"Yau ta yi ke nan."

"Ta yi."

"Da tuni ya kamata in tambaye ka," in ji Kawu. "Ka yafe mini."

Auta ya kifa kansa a kan hannun mahaifinsa. Hajiya ta taɓa ni, muka fita muka ba su wuri. Ban san sauran abin da suka faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san Auta bai koma Paris ba, ya kira wurin aiki ya ce su yi haƙuri, kuma a hannunsa Kawu ya yi kalmar shahada ranar Talata.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Ya ba Hajiya da mahaifiyata haƙurin rashinsa, da Auta, da Alhaji, da duk yaran da ya raɗa wa suna. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya ba mu ikon faɗin abin da ke bakinmu tun da sauran numfashi. Amin.